Awa Ɗaya a Agogon Kaka Liao

Umeko ta tsaya a gindin ceɗiya kamar kullum. Ɓauna ce mai shekara goma sha tara, kuma tun kafin in bar makaranta take jan amalanken baƙi a titunan yashin tsibirinmu, Taketomi. Dokarta ɗaya: ba ta barin inuwar nan sai an kaɗa mata molo an rera waƙar garinmu har ƙarshe.

Fasinja ɗaya gare ni ranar, wata tsohuwa daga Taiwan mai dogara sanda, Kaka Liao. Ta iya Japananci irin na mutanen da. Da babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ta zo Ishigaki, tsibirin da ke kusa da namu, ta hayo jirgin fito zuwa wurinmu.

"Maigidana na can cikin ɗakinmu a babban jirgin yana barci," in ji ta. "Mantuwa gare shi yanzu. In ya farka bai gan ni ba, har sunansa ɓace masa yake."

"Ƙarfe nawa za a rufe ƙofar jirgin, Kaka?"

"Huɗu da rabi. Yanzu biyu da rabi, sha kuruminka."

Na duba wayata. Uku da rabi. Agogonta na kan lokacin Taiwan, mu kuwa muna gabansu da awa ɗaya. Da na nuna mata, sandar ta suɓuce daga hannunta.

Jirgin fito na ƙarfe huɗu kaɗai zai kai ta. Na kira tsoho Ohama, mai gidanmu.

"Motarmu ta ɗaukar baƙi tana bakin ruwa, sai uku da arba'in da biyar za ta dawo garke," ya ce. "Kawo ta nan. Kuma Morito, mai ƙaiƙayin ƙafa, kada ka kuskura ka taɓa mini ɓauna."

Na diro na ja igiya. Umeko ta kafe. Na tura ta da kafaɗa, na roƙe ta, na zage ta har uwarta. Ta dube ni tana tuƙa.

"Ɗan nan, ɗauke ni a baya!" in ji Kaka Liao.

"Cikin yashin nan, Kaka? Sai mu faɗi mu biyu."

Na fizgo molo na rera waƙar a guje, baiti uku cikin minti ɗaya. Ko kunne ba ta kaɗa ba. Uku da talatin da takwas. Na naɗe igiyar a hannu na ɗaga sama zan tsula mata.

"Sauke hannunka," in ji tsohuwar. "Da me ka ce take tashi?"

"Da waƙa."

"To wannan waƙa ce ko gobara? Yi mata yadda ta saba."

Na zauna. Na fara a hankali, ina jan kowace gaɓa yadda Ohama ke ja, abin da ban taɓa haƙurin yi ba. Kaka Liao ta ƙura wa wayata ido, ta ƙanƙame jakarta. Minti huɗu cur.

Tsirkiyar ƙarshe na yin shiru, Umeko ta yi huci, ta ɗaga ƙafa.

Direba ya riga ya tada mota da muka iso. Ni na ɗauki tsohuwar cak na sa a kujera. Muka isa bakin ruwa ana kwance igiyar jirgin fito, na yi ta ihu har matuƙin ya dakata.

Tana ciki ta miƙo hannu ta taga, tana murza agogon gaba da awa ɗaya.