Lamba Bakwai ta Bashi Lombe

Babana ya yi wa mahaifiyata alkawari tun kafin a haife ni. Ya ce ranar da sandarsa mai lamba bakwai ta kasa tsallakar da ƙwallo tafkin rami na shida, ya bar golf ke nan, su tattara su koma ƙauye, can bayan Mporokoso, su yi noman rogo. Lokacin yana ji da ƙarfi, shi ke tuƙa kejin da ke saukar da ma'aikata ramin jan ƙarfe. Cikin dariya ya faɗi maganar. Bamayo, wato mahaifiyata, ba ta yi dariya ba. Ta dai riƙe.

Ni ne Lomben da ake kiransu da shi, Bashi Lombe da Bana Lombe, wato uban Lombe da uwar Lombe. Bara na gama sakandare. Ba aiki. Ina jiran a kira ni makarantar koyon sana'a a Kitwe, su kuma ba su kira ba. Ran Asabar ina ɗaukar wa tsohon jakar sanduna. Sauran ranaku ina zama a kan katanga ina kallon hayaƙin ma'adinai.

Na taɓa zuwa ƙauyen. Ba lantarki. Sai ka hau tudu wayarka ke kama magana, kuma akwai awaki a kan tudun. Ba na son komawa.

A kulob ɗinmu akwai al'ada. In an zo rami na shida, kowa sai ya ɗaga sandarsa ya faɗi lambarta da ƙarfi kafin ya buga. Wanda lambarsa ta fi girma shi ne namiji, don manyan lambobi na bugun kusa ne, sai mai ƙarfi ke kai su nesa. Babana tun yana saurayi yake cewa bakwai.

Wata Asabar ya ɗaga ya ce, "Bakwai!" Ya buga. Ƙwallon ya tashi, ya yi tunani a sama, ya faɗa ruwa.

Ba Jere, wato Malam Jere da yarenmu, ya kwashe da dariya har da riƙe gwiwa. Abokin bugun babana ne tun zamanin aikin ramin jan ƙarfe, mutumin gabas, mu kuma Bemba ne, don haka wasa ke tsakaninsu, ba mai jin haushin wani a fili.

"Kifi kuke kiwo, Bashi Lombe? To ai ba sa cin ƙwallo."

"Iska ce," in ji babana.

"Wace iska? Ganye ko motsi bai yi ba. Naman birin da kuke ci ne ya ƙare a jikinku."

"Mai cin ɓera ne zai yi mini maganar nama?"

Ba Jere ya zaro sanda daga sabuwar jakar da 'yarsa ta aiko masa daga Johannesburg, tana ƙyalli kamar cokalin amarya. Ya ɗaga. "Tara!" Mutumin da ƙafarsa ɗaya ke ja, wanda sai ya huta kafin ya gama hawa matakalar coci. Ya buga, ƙwallon ya tsallake tafkin ya sauka a kan yashin da ke kewaye da ramin.

Babana ya miƙo mini sandar, muka gama wasan. A hanyar gida ya ce, "Uwarka ba ta son labarin golf. Kada ka dame ta da shi."

Matar Ba Jere ce ta dame ta da shi, ran Lahadi, a bakin coci. Da rana Bamayo ta ajiye mana nshima, wato tuwon masara, da ƙananan kifin kapenta, ta zauna, ta naɗe hannu.

"Bashi Lombe, na ji an ce tafki ya ci."

"Iska ce."

"To. Asabar mai zuwa zan zo in ga iskar da idona."

Da yamma na ga ta sauko da manyan tukwane tana cusa ƙananan a ciki.

Akwai abin da na gani ranar da ƙwallon ya nutse, ban dai faɗa wa kowa ba. Da tsofaffin suka zauna shan kunun munkoyo a barandar kulob, aka bar ni da jakunkuna biyu ina gogewa. Na ɗora bakwai ɗin Ba Jere kusa da ta babana. Ba su yi kama ba. Fuskar ta babana a kwance take, kamar mai jingina da bango. Ta Ba Jere a miƙe take, kamar ɗan sanda. Fuska in ta kwanta ƙwallo sama yake yi ya faɗo kusa, in ta miƙe sai ya bi ƙasa-ƙasa ya yi nisa. Na yi ta gwadawa har na samo wadda ta dace da bakwai ɗin Ba Jere a jakar babana. Biyar ce. Tara ɗinsa kuwa, da ya cika mana kunne da ita, kusan bakwai ɗin babana ce aka sake wa suna. Masu ƙera sanduna sun yi shekaru suna miƙar da fuska a hankali suna barin lambar yadda take, don tsoho ya saya ya ji ya koma yaro.

Da na gaya wa babana, da cewa zai yi bakwai bakwai ce, tasa ta nutse, magana ta ƙare. Haka yake. Ko layin banki bai taɓa tsallakewa ba.

Ran Laraba ya tafi jana'iza Chingola. Na ɗauki bakwai ɗin na kai shagon mai walda na bayan layinmu, na ce ina son aron matsi da bututu. Ya nuna mini da haɓa, ya ci gaba da aikinsa. Na ɗaure kan sandar, na zura bututun a wuyanta, na danna. Tsohon ƙarfe ne, mai laushi. Ta miƙe kaɗan. Na tuna tudun nan da awakinsa. Na ƙara dannawa.

Sai da na dawo gida na tuna da matakala. Duk safiyar Asabar babana yana jera sandunansa a baranda, daga uku har zuwa ta ƙarshe, kowace ta fi ta gabanta kwanciya kaɗan, ya tsaya yana kallonsu kamar mai duba sojoji. Na jera. Bakwai ta fi shida miƙewa, ta fi biyar ma. Ko makaho zai gane.

Na koma da shida da biyar. Da na gyara su, sai huɗu da uku suka zama ƙannensu. Na koma da su. Sai kuma giɓi ya buɗe tsakanin bakwai da takwas, wanda akuya za ta iya wucewa. Na kai takwas, na kai tara, na kai sauran. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni.

"Kai, masana'anta ka buɗe?"

"Kusan haka."

Saura Banakulu. Wato kaka, haka babana ke kiran tsohuwar sandarsa ta cifa. Gajeriyar sanda ce mai kan tagulla, ta ɗan taɓa ƙwallo ne daga gefen yashi, ya yi tsalle ɗaya ya gangara rami. Wani tsohon injiniya ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tun ina goyo. 'Yan kulob suna yi mata dariya, wai sandar matsorata ce, ba wanda ke amfani da irinta yanzu. Babana ba ya kula su. Kuma kwanciyar fuskarta daidai take da ta bakwai, shi ya sa kullum gefe da gefe yake ajiye su, yana cewa kaka da jikarta.

Na ɗaure ta a matsi. Na danna. Ko gezau. Na hau bututun da ƙafa biyu. Teburin ne ya ɗaga, gwangwanin kusoshi ya kife. Banakulu tana nan yadda take.

Ran Asabar da safe babana ya jera su. Ya bi su da ido, ya gyaɗa kai. Da ya zo kan kaka da jika sai ya tsaya. Ya tsuguna. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Lombe."

"Na'am, Bataata."

"Me ya sami Banakulu? Dubi yadda ta kwanta."

Na duba. "Tsufa ne, Bataata."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya shafa kanta da babban yatsa. "Har ƙarfe ma," ya ce a hankali. "Ba komai, kaka. Muna tare."

Bamayo ta zo da lema da kujerar roba, ta sa sabon zane. Ta wuce kai tsaye rami na shida ta zauna a inuwa, ta ce ba ta zo yawo ba.

A rami na ɗaya ƙwallon babana ya wuce yashin ya shiga ciyawa. Ya ce ƙasa ce ta bushe. A na biyu ya wuce yashin da ciyawar, ya sami wani gidan tururuwa. Bai ce ƙasa ba. Ya dubi damtsensa. Duk inda ya nufa sai ya zarce, sai ya miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba, in sa masa Banakulu, ta dawo da shi. Ita kaɗai ce a jakar ke faɗin gaskiya, kuma ranar ta yi aiki kamar jakin haya. A rami na huɗu ya naɗe hannun riga. A na biyar ya ce in kawo jakar ya ɗauka da kansa.

Ba Jere ya kasa haƙuri. "Me kuka sha ne yau? Ko an samo sabon biri?"

"Jini ne, ɗan ɓera. Ba a aiko shi daga Johannesburg."

Muka iso na shida. Bamayo ta rufe lema. Ba Jere ya ce tara, ya tsallake da ƙyar. Babana ya ɗaga tasa sama, ya juya ta yadda Bamayo za ta ga lambar.

"Bana Lombe, karanta."

"Na gani. Ku buga."

"Bakwai!"

Ƙwallon bai ko kalli tafkin ba. Ya wuce ruwa, ya wuce yashi da tutarsa, ya wuce shingen waya, muka ji ƙwaram a kan kwanon ɗakin ajiye taki. Kaji suka watse. Wani ya leƙo ya zagi wanda bai gani ba.

Bamayo ta dubi tafkin kamar ya ci amanarta. Ni kuwa na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Har na fara tunanin wace riga zan sa ranar da Kitwe suka kira.

Ƙwallon ya gangaro daga kwanon ya dawo cikin fili, ya tsaya gefen shingen. Babana ya karɓi Banakulu, ya ɗan taɓa. Tsalle ɗaya, ya bi yashin yana barin layi, ya faɗa rami. Ba Jere ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Babana bai je ɗauko ƙwallon ba. Ya tsaya yana buɗe hannunsa yana rufewa. Sannan ya taka wurin Bamayo.

"Bana Lombe, na zalunce ki."

"Da me?"

"Na ɗauka na ƙare. Shi ya sa nake ta kauce wa gonar nan, ina tsoron in je in ji kunya a gaban dangi, a ce ga ɗan birni ya dawo ba ya iya ɗaga fartanya. Ashe ƙarfin yana nan, ɓuya ya yi. Mutum mai irin wannan hannu ya tsaya yana dukan ɗan ƙwallo? Kafin ruwan farko muna gida."

Bamayo ta miƙe daga kujerarta. Sai ta yi guɗa. Kajin suka sake watsewa.

"Bataata," na ce. "Alkawarin ai in ta kasa ne. Ta tsallake."

"Na sani. Da ta kasa, da a kunyace zan tafi. Yanzu da kaina zan tafi."

"Ni na lanƙwasa su."

"Me?"

"Sandunan. Duka. A shagon mai walda, ran Laraba. Bakwai ɗinku yanzu huɗu ce, ko ma uku."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ba Jere ma ya ɗago ya dube ni. Sai suka fashe tare, karon farko da na ga sun yarda da abu ɗaya.

"Wannan?" in ji Ba Jere yana nuna ni. "Wannan da iska ke kaɗawa a kan katanga?"

"Kai da sai uwarka ta buɗe maka murfin kwalba," in ji babana yana share hawaye. "Ka lanƙwasa ƙarfen Ingila?"

"Da bututu ne."

"Da bututu!" Suka sake fashewa.

"Ku gwada da Banakulu. Ba ita ta kwanta ba, su ne suka miƙe."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Kada ka sa kaka a cikin ƙaryarka. Ta yi abin da za ta iya." Ya dafa kafaɗata. "Na san ba ka son tafiya. Zaman banza ne ya sa ka ƙirƙire-ƙirƙire. Gona za ta gyara ka."

Ya bar wa Ba Jere sandunan gaba ɗaya a nan wurin, ban da Banakulu. Ba Jere ya karɓa da hannu biyu, yana kallon bakwai ɗin kamar laya.

Mun iso ƙauye kafin ruwan farko, a bayan motar gawayi, ni a tsakanin tukwane. Washegari babana ya fita gona da sabuwar fartanya, dangi suka taru a gefe don su ga hannun da ya fasa kwano. Ya ɗaga ta sama sosai. Ya sara. Ya sake ɗagawa, sai kwankwaso ya riƙe, ya tsaya a haka, a karkace, bakinsa a buɗe.

Mutum biyu suka kai shi ƙarƙashin mangwaro suka jingina shi. Da numfashinsa ya dawo ya yafito ni, ya miƙo mini fartanyar.

"Ƙasar nan ba ta san ni ba tukuna," ya ce. "Fara mata bayani. Daga nan zuwa rafi."

Na duba. Ban hango rafin ba.