Rabin Awar Kiɗan Wahabu

"Wannan ai ba kiɗa ba ne, dakan fufu ne!" in ji Wahabu, yana harar wayar da ke kan tabarma.

"Baban Kausara, don girman Allah ka rufe ido ka saurara," in ji matarsa Habsa, haƙurinta ya kusa ƙarewa.

Sati uku ke nan da yi masa aikin zuciya. Nas ta ce kullum ya saurari kiɗa mai sanyi na rabin awa, don bugun zuciyarsa ya lafa. Ba ta san shekara talatin ya yi yana kaɗa gangar biki daga Zongo har Tafo ba. Duk waƙar da Habsa ta kunna, sai ya tashi zaune yana faɗa da makaɗin, jijiyoyin wuyansa a miƙe. Ta duba na'urar awon jini, ga shi ya sake hawa. Gabanta ya faɗi, don in wannan zuciyar ta tsaya, tata ma ta tsaya.

Ta kashe wayar, ta kama hannunsa.

"Daga yau ni zan rera maka da bakina. In ka isa, ka gyara mini!"