Tekun Kaka Donka

Tun ranar da likita ya ce idon Kaka Donka ba zai kai baɗi ba, ta tsiro da zancen teku. Ba wanda ake zuwa wanka ba. Wai a gidan da aka haife ta, can saman tudu a tsohon garin Plovdiv, akwai teku da aka zana a bango, da jirgin ruwa guda a tsakiyarsa, kuma shi take kallo kullum har barci ya ɗauke ta. Tana ƙarama suka tashi daga gidan, ko sunan layin ba ta riƙe ba. Abin da ta sani kawai, manyan gidajen unguwar duk sun koma gidajen tarihi.

"Kai ni in gan shi kafin a kashe mini fitila," ta ce wa jikarta Nevena.

Ranar Asabar Nevena ta riƙe hannun tsohuwar suka hau tudun, a hankali, saboda duwatsun hanyar ba su san tausayin gwiwa ba. A wurin yankan tikiti aka ce musu ko dai su biya gida-gida, ko su yanki na haɗi, wanda ake shiga gida biyar da shi a kuɗin da bai kai na uku ba.

"Ba mu na haɗin," in ji Kaka. "Ke kuma ki ji da kyau. Biyar ɗin nan su ke nan. In ba mu dace ba, Allah bai nufa ba. Ba zan ƙara ko sisi don in shiga gidan ubana ba."

Nevena ba ta ja ba. Matar da ke wanke ledar cuku ta shanya a igiya, in ta ce ba ta ƙarawa, to ba ta ƙarawa.

A ƙofar kowane gida akwai mai huda tikiti. Gidan farko ƙamshin tsohon katako yake yi, an sassaƙa rana a rufin zaurensa. Kaka ta bi bangon tana kai fuska kusa kamar mai shinshina. Furanni ne da tsuntsaye. A na biyu Nevena ta hango ruwa, ta ja hannun tsohuwar.

"Kaka, ga shi!"

"Wannan kogi ne, 'yar nan. Ga gada can. Ni ce makauniyar ko ke?"

Daga nan gidajen suka fara shiga juna a kan Nevena. Labule fari yana kaɗawa ba iska, agogo a tsaye, kofunan kofi a jere kamar masu gidan sun fita ne yanzu za su dawo. Ji take kamar mafarkin Kaka ta faɗa ciki, tana ta buɗe ƙofofi a madadinta. Na uku babu teku. Na huɗu ma tsohon kantin magani ne, Kaka ce ta ja su ciki don ta ji ƙamshin na'a-na'a.

Suka zauna a ƙarƙashin wani ɓaure. Kaka ta ciro banitsa, gasasshiyar wainar fulawa mai cuku, daga jaka, ta raba biyu, ta ba Nevena ɓarin da ya fi cuku.

"Saura huda ɗaya," in ji Nevena a hankali. "Kaka, ni fa ina da kuɗi."

"Ajiye abinki ki sayi baki, tunda naki sai raɗa ya iya. Tashi mu je."

Sauran gidajen da ba su shiga ba biyu ne, a wani lungu matsattse, shuɗi da rawaya, suna fuskantar juna. Benayensu sun turo gaba har goshinsu ya kusa haɗuwa, kamar tsofaffi biyu masu gulma. Nevena na tsaye tana wasi-wasi, sai ta ga Kaka ta saki hannunta ta nufi rawayan. Dokin ƙofar dogo ne, amma ta tsallake shi ba wanda ya ce mata ga shi.

Mai tsaron gidan, wata mai jiki da ake kira Rumyana, ta ajiye saƙar da take yi ta huda tikitin. Kaka ta hau bene tana lalube, ta karya hagu, ta shiga wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya.

Bangon fari fat. Duka huɗun.

"Nan ne," ta ce. "Gadona a wannan kusurwar yake." Ta shafa bangon da tafin hannu, ta sake shafawa. "Sun shafe shi."

"Wallahi, Inna, ba a taɓa zane a ɗakin nan ba," in ji Rumyana. "'Yan haya ne suka zauna a nan. Wa zai zana wa ɗan haya teku?"

Kaka ta janye hannunta daga bangon. Ta zauna a bencin da ke gefe, ta ɗora jakarta a cinya, ta yi ƙanƙanta a cikin rigar sanyinta.

Nevena ta dubi tsohuwar. Sai kawai ta je kusurwar gadon ta kwanta a kan katako, ta juya kai yadda yarinya mai jiran barci za ta juya. Ba bango idonta ya faɗa ba, taga ce. Bayan tagar kuwa tagar gidan shuɗi ce, a rufe da katako, sai ɗan tsagi a tsakiya. Cikin tsagin wani shuɗi ne dabam, mai zurfi.

"Anti," ta ce wa Rumyana, "me ke bangon ɗakin can?"

Rumyana ta leƙa, ta dafa ƙirji. Ta tura taga, ta ƙwala kira kamar yadda maƙwabtan lungun suka saba tun kaka da kakanni, har suna miƙa wa juna kofi ta sama.

"Gergana! Ke kurma! Buɗe tagar nan!"

"Mene ne kuma? Sukari ya sake ƙare miki?"

"Buɗe dai, muna da baƙuwa!"

Katakon ya buɗe da ƙara. Ranar la'asar ta ratsa lungun ta sauka a bangon can, sai ga tekun, daga ƙasa har rufi, da jirginsa mai farin ƙyallen kama iska.

Suka jawo bencin zuwa kusurwar. Kaka ta karkata kai, ta ƙanƙance ido, ta daɗe a haka.

"Ashe na maƙwabta ne," ta ce. "Shekara da shekaru ina yi wa mutane alfahari da tekun wasu."

"Kina ganinsa, Kaka?"

"Jirgin dai ya tafi. Amma ruwan na nan." Ta ƙara karkata kai. "Motsi ma yake."

Gergana ta leƙo daga can. "Inna, ki zagayo mana ki gan shi kusa. Ba sai da tikiti ba."

"A'a, 'yata. Daga nan na san shi."

Rumyana ta sauka ɗora kofi. Nevena ta zauna a ƙasa, ta jingina kai da gwiwar tsohuwar. Hasken ya riƙa hawa bangon a hankali, Kaka na biye da shi.