Ƙanen Mama Doreen

"Ba inda za ni," in ji Mama Doreen, ta ƙanƙame ƙarfen gado. Masu motar asibiti suka dube ni, suka tattara kayansu suka sauka.

Ƙofarta na kallon tamu a hawa na huɗu, nan unguwar Bronx. Baturiyar Ostareliya ce, ta haura tamanin, miji ya daɗe da rasuwa, ba ɗa ba jika. Tun da ciwon huhu ya kwantar da ita nake kai mata kunun gyaɗa kafin in wuce aiki.

"Zauna, Sherifa. Ina da ƙane. Colin."

Duk zamanmu ban taɓa jin sunan ba. Ta ce tumakin babansu yake kiwo. Gwamnati ta yi ƙuri'a da ranar haihuwa, tasa ta fito, aka sa shi sojan ƙasa, aka tura shi yaƙin Vietnam yana ɗan shekara ashirin. In an shiga daji shi ake sawa gaba, don idonsa ya saba bin sawu. A wata gonar roba ya taka nakiya.

"Yaron da in za a yanka rago sai ya gudu bayan gida," ta ce. Tari ya sarƙe ta, na tallafe ta har ya lafa.

"A rufe suka kawo akwatin gawarsa. Suka hana uwarmu buɗewa. Da ni aka ɗaga shi, Sherifa. Ba nauyi."

"Allah Sarki, Mama."

"Duk wanda ya san shi ya mutu, saura ni. Faɗi sunan in ji."

Na faɗa. Ta gyara mini, na sake.

Ranar Laraba da hantsi ta cika, ina goge mata baki. Ba wanda ya zo neman gawar. Hukuma ce ta binne ta.

Da wata ya ƙare, mai gidan da muke haya ya turo ma'aikata suka kwashe ɗakin. Ina dawowa aiki ana yayyafi, na tarar da kayanta jibge a bakin titi, katifa da tukwane da keken guragu. Saman wani kwali akwai tsohuwar hular soja mai faɗin baki, gefe ɗaya a naɗe, an ajiye ta a rigingine. Ruwa ya fara taruwa a ciki.