Ta Tara Cikin Tara

Ranar Asabar da la'asar na kunna rediyo kamar kullum, na jingine dutsen guga, ina jiran sakamakon sukuwa. Sai na ji mai gabatarwa yana cewa wai daga yau minti goman dawakai an ƙara wa ƙwallon ƙafa. Wai sun tambayi masu sauraro dubu biyu wasan da suka fi so, an jera guda tara, sukuwa ce ta tara. Har ƙwallon tebur tana gabanta, wannan da ƙarti biyu ke korar abu kamar ƙwai a kan teburin cin abinci.

Ni ba son doki ya dame ni ba. Shekara ashirin da shida ina wanke rigunan mahaya, warin gumin doki ya ishe ni har kabari. Ni uwar mahayi ce, autana, yana wani gari mai nisan wuni guda a mota. Shi kuwa ko wuyansa ya karye, ka tambaye shi, lafiya lau zai ce. Bara doki ya kayar da shi, ƙashin kafaɗarsa ya tsage, a waya ya ce mini mura ce ta hana shi hawa. A rediyo na ji gaskiya. Ban yi boko ba, jarida ni da ita sai naɗe sabulu. Minti goman nan su ne idona a kan yaron.

Ranar Litinin na tafi gidan rediyon. Maigadi ya ce sai da alƙawari. Na ce alƙawarin shekara da shekaru ne, su suka karya, na nemi benci na zauna. Da ya ga zaman ba na tashi ba ne, ya kai ni wurin shugabar shirye-shirye, wata mai tabarau, sa'ar 'yata ta biyu. Ofishin sanyi kamar cikin randa.

Na sauke mata duk abin da na ɗauko. Na ce ƙarya suka yi, a ɗakin kallon ƙwallo suka zauna suka cike takardunsu. Ba ta yi fushi ba. Ta juyo mini da wata takarda mai sanduna tara, doguwa a farko, ta ƙarshe kamar guntun ashana.

"Baba, har ƙofar filin sukuwa mun je, ranar tsere," in ji ta. "Mutum ɗari da arba'in muka tambaya a wurin. Sha ɗaya ne suka ce sukuwa."

Na sake duban takardar. Mutum ya biya mota, ya tsaya cikin rana don doki, a tambaye shi a ƙofar filin ya ce ƙwallo? Ko dai ta yi mini ƙarya da idonta a buɗe, ko akwai abin da ban sani ba game da mutanen da na tsufa a cikinsu. Na ce mata zan dawo.

Tun a mota na fara tambaya. Direba ya ce shi ba zai bar aikinsa don abin da ke ƙarewa cikin minti biyu ba, kafin ka gyara zama an gama. Wani mai aski da ke kusa da ni ya ce matsalar doki ba shi da ƙungiya.

"In ƙungiyata ta ci, mako guda maƙwabcina ba ya shan ruwa da daɗi," ya ce. "To doki ya ci, Baba, wa zan tsokana? Mai jaki?"

Motar ta ɗauki dariya. Ban yi ba, amma na riƙe maganar, don akwai gaskiya a cikinta. Sai dai waɗannan ba mutanen doki ba ne. Nawa nake nema.

A bargar dawakan filin sukuwa na tarar da maƙerin da ke sa musu takalmi, ya danne ƙafar wani baƙin doki tsakanin gwiwoyinsa, ƙusoshi a baki. Ya ce ƙwarai an tambaye shi, wata yarinya mai riƙe da allon dannawa irin babbar waya. Ya ce mata ƙwallon ƙafa.

"Kai da ka ci ka sha a kofato?"

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Yaya, wasa fa ta ce. Wane wasa ka fi so. Wannan da kike gani wasa ne?"

Mai kawo ciyawa ya ce shi dambe ya zaɓa, da dalili iri ɗaya. Na haura rumfar 'yan kallo, inda wani tsoho ke zama ko ba ranar tsere ba, da madubin hangen nesa a wuya, yana kallon atisaye. Shekara arba'in bai rasa tsere ba, har ranar auren 'yarsa sai da ya leƙo. Ya ce kokawa ya gaya wa yarinyar, don yana ɗan kallo in ya samu sarari. Da na ce ai sukuwa ma cikin wasannin take, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce abin da ake farka masa tun asuba, ake mutuwa a kansa, ba a kiransa wasa.

Ina saukowa daga matakalar sai na tsaya cak. Na tuna wata yarinya mai allo a ƙofar gidana, wata uku baya, hannuwana cikin kumfa. Baba, wane wasa kike bi? Na ce mata na yi miki kama da mai wasa? Ta danna wani abu ta wuce.

Ashe har da hannuna aka yanka minti goman.

Washegari na koma gidan rediyon. Ban ɓoye komai ba, har nawa laifin. Na ce tambayarsu ce gurguwa, sun je gidan masu abu sun kira shi da sunan da masu shi ba su amsawa. Shugabar ta cire tabarau ta yi dariya har da share ido, ta rubuta wani abu. Sannan ta ce ko an gyara tambayar, ko duk ɗari da arba'in ɗin sun dawo sun ce sukuwa, sukuwa ta shida za ta zama, ko ta biyar in an yi sa'a. Ƙwallo ta yi nisa. Kuma ba za a sake tambaya ba sai baɗi.

Na ce ta shida ba ta tara ba ce, a faɗa wa duniya an yi kuskure. Ta ce wannan za a faɗa. Minti goma dai sun tafi.

Ana cikin haka mai gabatarwar ya shigo da takardu. Muryar da na sani shekara da shekaru, ashe ɗan siririn mutum ne mai sanƙo. Ya tsaya ya saurara, sannan ya tambaye ni abin da nake son ji takamaimai a cikin shirin, tunda a cewata ban damu da doki ba.

"Ba wanda ya ci ba," na ce. "Wanda ya faɗi."

Ya dubi shugabar. Ya ce wannan numfashi ɗaya ne, kuma har yanzu ana aiko masa da rahoton filayen duka. Ta juya alƙalami a hannu, ta ce rabin minti, a ƙarshen shirin ƙwallo, kafin talla.

Saboda haka ranar Asabar na sha ƙwallo ta awa guda. Na ji an sayi wani, an kori wani, wani ya ji ciwo a cinya ana ta jimami kamar an yi gobara. Na goge riguna goma sha huɗu. Can a ƙarshe ya gyara murya, ya ce gidan rediyo na neman afuwar masu bin sukuwa kan yadda aka yi tambaya. Ya karanto dawakai uku da suka ci. Sannan ya ce a tsere na huɗu mahayi ɗaya ya faɗi a kwana ta ƙarshe, yana asibiti, ya faɗi sunansa.

Ba nawa ba ne. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sai kuma kunya ta kama ni, don na san sunan. Uwarsa tana sayar da gawayi a bayan tashar mota, kuma ban taɓa ganin rediyo a rumfarta ba. Na zare wayar dutsen guga, na ɗauki mayafina.