Injin Tsohon Ƙarfe

A gidan yayanta kowa Anti Kwamfuta yake ce mata, har shi yayan idan tsokana ta motsa masa. Ɗakinta na can ƙarshen baranda, tebur ɗaya, fanka mai ƙugi, da tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Da rana tana yi wa wani kamfani aiki daga nan. In ta tashi da yamma sai ta koma wa aikin da ba wanda ya sa ta.

Wata manhaja ce buɗaɗɗiya, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara. Idan jama'a suka yi wa shafin intanet ca, ita manhajar ke tsayawa a ƙofa tana tura wannan ga wannan na'ura, wancan ga waccan, don kada kaya su yi wa wata yawa. Rabon Anti a ciki ɗan ƙarami ne, amma akwai cin rai. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba abu ɗaya ba ce, ma'aikata ne da yawa a ciki, wasu kwano ɗaya suke ci, wasu kuwa kowa da nasa. Ita ta rubuta sashen da ke ƙirga su, ya gane wa ke kusa da wa kafin a raba musu aiki.

Masu haɗa manhajar suna da wata al'ada. Duk mai na'urar da ba irin ta kowa ba yakan bar ta a kunne a gidansa, duk gyaran da aka turo na'urar ta gwada shi da kanta ta aiko da sakamako. Ta haka Anti ta san Tsohon Ƙarfe. Sunan da ya laƙaba wa kansa ke nan, ba ta san wani ba, ko muryarsa ba ta taɓa ji ba. Injinsa, wato na'urar da ya bari a kunne, wani tsoho ne mai taurin kai, wanda in ka tambaye shi ma'aikata nawa gare shi sai ya gilla maka ƙarya. Shekara da shekaru suna fama da shi tare. Ta turo gyara tana taƙama, injin ya watsa mata ƙasa a ido, mai shi ya biyo baya da zolaya wai tsohon nasa na gaishe ta. Shi kaɗai ya san wahalar abin da take yi, kuma da shi kaɗai take dariya ta gaske.

Kwatsam sai Tsohon Ƙarfe ya yi ɗif. Ta rubuta masa, ta sake rubutawa, shiru. Amma injin bai daina aiki ba, in ta tura sai ya amsa. Har ta kai tana ƙirƙiro gyaran da ba wanda ke bukata, ta matsar da waƙafi daga nan zuwa can, don kawai ta ga amsar ta shigo daga gidansa. Ita ma ta san abin da kunya, amma ba ta fasa ba.

Da watanni suka ja, shugaban masu haɗa manhajar ya tuna mata da doka: na'urar da mai ita ya daina amsawa cire ta ake yi, don ba a san a hannun wa take ba. Tunda sashenta ne, ita za ta cire. Ta roƙi a ƙara mata lokaci, ya ƙara, lokacin ya zo ya wuce.

Ran nan ta samu yayanta a falo yana kallon ƙwallo, ta kwashe labarin ta gaya masa. Ya rage ƙarar talabijin, ya dube ta da tausayi.

"To shi mutumin, rasuwa ya yi ko me?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ki da lambarsa? Ko garinsu?"

"Injinsa kawai na sani."

Ya yi addu'a Allah Ya sa lafiya, da zuciya ɗaya kuma ya yi ta. Amma ta ga bai gane abin da za ta rasa ba, ita kuma ba ta san yadda za ta faɗa masa ba.

Ta koma ɗaki. Layi ɗaya ne tak na rubutu a cikin manhajar ke ba injin izinin shiga. Ta goge shi ta tura, shugaban ya amince har da godiya.

Tana shirin rufe kwamfutar sai ta ga wani abu na maimaita kansa a bayanan masu neman shiga manhajar. Injin ne. Ba wanda ya gaya masa an sallame shi. Jim kaɗan sai ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko akwai aiki, a ce masa ba a san shi ba, ya ɗan dakata, ya sake tambaya. Ta janyo kujerarta ta zauna, don ta kasa tashi ta bar shi yana ta sallama shi kaɗai.