Wa Ya Shuka Magaryar?

A unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, a shekarun da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma jigilar alhazai, in za a raba gado mutum ɗaya ake kira ya yi wa kaya ƙima: Abdulganiyyu dillali. Ni dai ban ga na biyunsa ba. Sanyin jikinsa har haushi yake ba mutum, amma ba ya sa wa abu kuɗi sai ya san asalinsa.

Da mijin Ramlatu ya rasu bai bar ɗa ba, ƙaninsa Dawuda ya kira Abdulganiyyu, ni kuma ina cikin shaidu. Dawuda so yake a sare magaryar tsakar gida a sayar wa masu gawayi, a gina ɗakunan haya kafin lokacin Hajji. Ita kuwa Ramlatu da magaryar nan take ci. Ganyen da ya zubo take tarawa ta daka, masu wankan gawa da mata masu wanke kai su saya.

Abdulganiyyu ya zaga ɗakuna, ya ƙwanƙwasa ƙyamare. Da ya zo kan magaryar sai ya tsuguna, ya daɗe yana duban yadda ta fito a karkace daga gindin katanga.

"Hajiya, wa ya shuka ta?"

Maƙwabta sun riga sun zuga Ramlatu ta ce ita ce, wai sai a bar mata. Ta dubi magaryar, ta dubi Abdulganiyyu. Tausayinta ya kama ni.

"Ba wanda ya shuka ta, Malam. Bayan wani ruwa da aka yi muka ga ta tsiro." Tana faɗa tana share ido, don a ganinta ta zubar da abincinta da bakinta.

Dawuda ya gyara tsayuwa. "Ɗayyib, madalla. Nawa za ta yi a gawayi, Baffa?"

Abdulganiyyu ya ce, "Da shuka ta aka yi, da yanzu na gaya maka ka kira mai gatari. Amma itacen da ya fito da kansa a cikin Harami ba a sare shi. Ka manta inda kake zaune ne?"

"To ɗakunan fa?"

"Ka gina su, su zagaye ta."

Kunya ta rufe Dawuda. Can ya yi istigfari a hankali, ya juya wajen matar wansa.

"Yaya, ta wane gefe kike shanya ganyen? Sai magina su bar miki nan."